Kafin Ki Sayi Rikodar DVD, Tsaya Ki Ji Abin Da Ya Same Mu

Na san akwai waɗanda da sun ga kan maganar nan za su taɓe baki su ce, "Oh ni 'yasu! Yau kuma marubuciyar tamu ta ajiye alƙalamin soyayya ta koma gyaran rediyo?" To ku yi haƙuri ku biyo ni a sannu. Wallahi duk labaran da na taɓa ƙagowa a littattafaina, babu wanda ya sa ni kuka kamar abin da wasu 'yan wayoyi guda uku suka jawo mana a falonmu.

Can ƙasan akwatin Baba, ƙarƙashin manyan rigunansa na sallah, akwai wani kaset na bidiyo, irin baƙin nan mai girman littafi wanda 'yan yanzu da yawa ba su taɓa riƙewa ba. Kaset ɗin bikinsu ne da Ummanmu, Allah ya jiƙanta. Ta rasu Autarmu tana zanin goyo, ni kuma ina 'yar firamare. Hotunanta kam muna da su, amma ai hoto ba ya motsi, ba ya dariya, ba ya kiran sunan kowa. Ga shi har Auta ta shiga babbar sakandare ba ta san muryar mahaifiyarta ba. Bidiyon gidanmu ya daɗe da mutuwa, shi kuma kaset kullum tsufa yake ƙarawa, domin zaren da ke cikinsa zafi da laima suna cinsa a hankali.

Sai kuma rigimar Hajiya Kaka. Ita dai duk duniya babu abin da ta riƙa kamar Daɗin Kowa na tashar Arewa24, 'yan wasan ma kiran sunansu take kamar jikokinta. Ranar da aka ɗauke wuta lokacin shirin, ko ta fita barka ba ta dawo da wuri ba, to ranar kowa a gidan sai ya ji a jikinsa. In muka ce ga shi a waya, sai ta ce ita idonta ba ya ganin mutane ƙanana kamar tururuwa, mu kuma ga kukan kuɗin data. Shi ne Yaya ya kawo shawara mu haɗa kuɗi mu sayi rikodar DVD ta yi mana aiki biyu: ta riƙa ɗaukar wa Kaka shirinta daga talabijin, sannan mu kwashe kaset ɗin Umma mu mayar da shi kan faifai tun bai lalace ba.

Ni na karɓi kuɗin na tafi kasuwa da ƙafata, ina ji da kaina wai ni ga mai boko. Na shiga wani shago na kayan wuta na hannu, idona ya faɗa kan wata mai ruwan azurfa sai sheƙi take. Mai shagon ya yi ta rantse-rantse, ya ce jiya-jiya ta sauka daga kwantena. Ban ce a gwada ba, ban juya bayanta ba, na biya na rungumo abata. Muna zuwa gida Yaya ya jona ta a soket, sai muka ji "fat!" ƙauri ya cika ɗaki. Shi ke nan, ko minti ɗaya ba ta yi a gidanmu da rai ba. Da na koma wa mutumin, ko kallon arziki ban samu ba, cewa ya yi kaya in sun fita ba sa dawowa.

Da daddare ban yi barcin kirki ba, domin kuɗin har da na adashin Auta a ciki. Washegari na ɗauki gawar na kai wa wani dattijo mai gyaran talabijin a bakin layinmu. Ya gyara zaman tabarau, ya juya bayanta, ya ɗora yatsa a kan wani ɗan rubutu.

"'Yata, karanta min nan."

Na ce, "120V, Baba."

Ya girgiza kai ya ce, "To ai ka ji. Wannan 'yar Amurka ce. Wutarsu rabin tamu ce, kin ɗura mata abin da ya fi cikinta."

Duk abin da zan faɗa muku daga nan, a kan bencin dattijon nan na fara koyonsa, sauran kuma jiki magayi.

ME AKE NUFI DA RIKODAR DVD?

Na'urar kallon DVD da muka saba da ita dabam, rikoda dabam, ko da yake a ido kamar Hassan da Usaini suke. Ta kallo karatu kawai ta iya. Rikoda kuwa ta iya karatu ta iya rubutu, wato za ki sa mata faifan da babu komai a kai ta naɗe miki abin da ke tafiya a talabijin. Za ki gane ta da maɓallin nan mai jan ɗigo da aka rubuta wa REC, da kuma ramukan shiga da ke bayanta.

Faifan DVD ya fara fitowa kasuwa a Japan a 1996, sannan a ƙarshen 1999 kamfanin Pioneer ya fitar da rikodar DVD ta farko ta amfanin gida, ita ma a Japan. Ta yi tashe sosai a shekarun 2000, su Panasonic da Sony da LG da Samsung da Philips kowa ya ƙera tasa. Yanzu zamaninta ya ja baya, kamfanoni da yawa sun daina yin ta, don haka wadda za ki tarar a kasuwa kusan duk ta hannu ce, ta yi rayuwarta a ɗakin wasu a wata ƙasa kafin ta iso gare ki. A nan gizo ke saƙar, domin kowace ƙasa da irin wutarta da irin tsarin talabijin ɗinta.

Ki tuna da yadda ake fama da eriya a da. A ɗaure ta a kan dogon gora, a tura yaro waje yana juyawa, na ɗaki suna ihu, "Ya yi! A'a ya ɓace! Koma kaɗan!" hoto kuma duk yashi-yashi. Wancan shi ne tsohon tsari, analog. Sabon tsari na dijital shi ba ya yashi, ko dai ya fito tar, ko ya daskare ya farfashe. A 2006 aka yi yarjejeniya a birnin Janiba cewa ƙasashen yankinmu su bar tsohon tsari zuwa 17 ga Yuni, 2015. Manyan tashoshin Amurka sun rufe nasu tun 2009, Ingila ta kammala a 2012. Nijeriya ba ta cika wa'adin ba, sai aka bi abin jiha-jiha: aka fara da Jos a 2016, Abuja a ƙarshen shekarar, Kaduna a 2017, Kano kuma sai a watan Nuwamba na 2021.

To me ya haɗa wannan tarihi da rikodarki? A cikin kowace rikoda akwai wani ɗan kunne da ke kamo tasha daga eriya, masu gyara suna ce masa tuna. Rikodoji da yawa kunnen nasu na tsohon tsari ne zalla. Wasu na Ingila an rubuta musu Freeview ko DVB-T a goshi, mai shago zai nuna miki ya ce, "Hajiya ga shi nan, dijital ce." Gaskiya ne dijital ce, amma ta wani ƙarni, domin tsarin da Nijeriya ta ɗauka shi ne DVB-T2, kuma mai kunnen DVB-T ba ta jin yarensa. Ko da ma ta ji, tashoshin kuɗi irin na StarTimes da GOtv a kulle suke zuwa, dikodar kamfanin ce kaɗai ke da mabuɗi.

Da na ji haka sai gwiwata ta yi sanyi, na ce, "Baba, ashe dai babu amfanin sayenta."

Ya yi dariya ya ce, "Ke kuwa 'yata, baƙon da bai iya yaren gari ba korarsa ake? Ai tafinta ake nemo masa."

Tafintan nan ita ce dikodar da take gidanku tuntuni. Ita za ta kamo tashar, ta buɗe ta, ta miƙa wa rikoda hoto da murya ta waya, ita kuma rikoda ta rubuta a faifai. Don haka kada ki ɓata kuɗinki a kan kunnen rikoda ko kaɗan. Abin da za ki nema shi ne ƙofar da tafinta zai shiga.

A BAKIN SHAGO

Karo na biyu da na koma kasuwa, da 'yar takarda na tafi a jaka, kuma wani shagon na shiga.

Abu na farko, juya bayanta, ki bar kallon fuska, kyan ɗan maciji ne. Ki nemi inda aka rubuta ƙarfin wuta. In kin ga 220-240V ko 100-240V, ta dace da wutarmu. In 120V ce ta Amurka, ko 100V ta Japan, ajiye musu abarsu. Za a ce miki ai akwai taransifoma mai rage wuta, e akwai, amma ranar da wani yaro ya manta ya jona kai tsaye fa? Ban da haka ma, launin hoton talabijin ɗinmu tsarin PAL ne, irin na Ingila da Jamus, su kuwa Amurka da Japan NTSC suka yi amfani da shi. Rikodar da NTSC kawai ta sani, in kika ba ta hoton PAL, ko ya fito ba launi yana birgima, ko ta ƙi karɓa sam. Wadda ta fito daga Turai ita ce ta fi dacewa da mu. Sai dai ki duba harshen da take magana a allo, kada ki kwaso mai Jamusanci zalla ki rasa inda za ki danna.

Na biyu, ƙofar shiga. Ki nemi ramuka uku a jere, ruwan ɗorawa da fari da ja, waɗanda aka rubuta IN a kusa da su. Wasu a baya suke, wasu a gaba ƙarƙashin wani ɗan murfi. In duk ramukan da kika gani OUT ne, to wannan ta kallo ce, ba rikoda ba, komai rantsuwar mai shago. Na Turai da yawa suna da wani faffaɗan baki mai haƙora 21 da ake kira SCART. Kada ya ba ki tsoro, ana sayar da ɗan kan da ake cusa masa ya koma ramukan nan uku, wani ma da ɗan makunni a jikinsa na zaɓar shiga ko fita. Ki saye shi a nan take, kada ki je gida ki dawo.

Na uku, kuma ni a wurina shi ne babba: in da hali ki sayi mai rumbu a ciki, wadda aka rubuta wa HDD. Ita wannan ba sai kin sa faifai ba, a cikinta take tara shiri, daga baya ki zaɓi wanda kike so ki juye a faifai, wanda ba kya so ki goge, har tallace-tallacen tsakiyar shiri kina iya yankewa. Akwai mai gigabait 80, da 160, da 250. Mai 160 tana ɗaukar kusan awa 70 a matsakaicin kyan hoto. Ta fi tsada, ban musa ba, amma a garin da wuta ke tafiya ba sallama, ita ce rufin asiri. In kina rubutu kai tsaye a kan faifai aka ɗauke wuta, sau da yawa faifan ya tashi aiki ke nan. A rumbu kuwa, galibi abin da kika tara a baya yana nan.

Sannan rimot. 'Yar uwa, ko za a rage miki rabin kuɗi kada ki karɓi rikodar da ba ta da rimot ɗinta. Maɓallan jikinta kaɗan ne, manyan ayyukan duk a rimot suke.

Daga ƙarshe ki ce a gwada a gabanki, gani ya kori ji. Ki je da sabon faifai naki, a ɗauki shiri na minti biyu, a rufe faifan, a sa shi a wata na'urar dabam ki ga ya yi. Idon da ke rubutu a faifai shi ne ke fara gajiya a tsohuwar rikoda, tana iya nuna fim lafiya lau amma ta kasa rubuta ko ɗigo. Mai shagon da ya ƙi gwaji ya riga ya ba ki amsa. Ni na yi sa'a, na samu mai rumbu, 'yar Ingila, duk jikinta ƙarce, ba ta da kyan gani ko kaɗan. Har yau ita ce a falonmu.

MAGANAR FAIFAI

A nan ma akwai ɗan ruɗani, amma ba mai yawa ba. DVD-R da DVD+R sau ɗaya ake rubutu a kansu, ba a gogewa, su ne na ajiya. DVD-RW da DVD+RW ana gogewa a sake, an ƙiyasta har wajen sau 1,000, su ne na shirin Kaka da za a kalla yau a goge jibi. Akwai kuma DVD-RAM da Panasonic ta fi so, shi kuwa na'urorin kallo da yawa ba sa karanta shi, don haka bai dace da abin da za ki ba wa dangi aro ba. Ki lura, mai alamar ragewa da mai alamar tarawa ba ɗaya ba ne, wasu tsofaffin rikodoji ɗaya kawai suke ci. Tambarin wanda take karɓa yana nan a goshinta, ki duba kafin ki sayo kwali guda.

Faifai ɗaya gigabait 4.7 ne, amma yawan awannin da zai ɗauka ke za ki zaɓa. XP awa 1 ne, hoto garau. SP awa 2, shi ma da kyau. LP awa 4, EP kuwa awa 6 ko fiye, amma fuskokin mutane sai su koma kamar an shafa musu kunu. Kwaɗayin cusa shiri shida a faifai ɗaya shi ke sa mutum da-na-sani. Ni SP nake bari kullum, abin da nake ji da shi kuma XP. Wani abin da ya kamata ki sani tun yanzu, don kada ki ce na ɓoye miki: DVD ba ya riƙe hoton HD. Komai kyan tashar a sabuwar talabijin ɗinku, abin da za ki samu a faifai zai ɗan gaza shi. Kaka dai ba ta taɓa lura ba.

YADDA AKE JONAWA

Kafin ki taɓa kowace waya, kashe komai daga soket. Sannan ki riƙe abu ɗaya a ranki, hoto kamar ruwa yake, daga OUT yake fita ya shiga IN. Daga rijiya zuwa tulu, daga tulu zuwa randa.

Wayar eriya ko ta dish tana nan inda take a jikin dikoda, kada ki cire ta. Ɗauki wayar nan mai kai uku, ki jona gefe ɗaya a AV OUT na dikoda, ɗaya gefen a AV IN na rikoda, launi ya bi launi. Ruwan ɗorawa shi ne hoto, fari da ja murya. Wasu ƙananan dikodoji rami ɗaya tak gare su kamar na abin jin sauti na kunne, da tasu wayar ta musamman suke zuwa, ki nemo ta a kwali. Bayan haka ki ɗauki wata wayar daga OUT na rikoda zuwa talabijin. In rikodar mai SCART biyu ce, galibi wanda aka rubuta wa AV1 na talabijin ne, AV2 na dikoda.

Ga inda mutane suka fi faɗawa. Za ki ga ramin HDMI a bayan wasu rikodojin, ki yi murna ki ce bari in jona dikoda a nan hoto ya fi kyau. Ba zai yi ba, domin wannan ƙofar fita ce kawai, zuwa talabijin. Amma kina iya jona HDMI ɗin dikoda kai tsaye zuwa talabijin don kallon yau da kullum, ki bar masu kai uku suna yi wa rikoda hidima, dikodoji da yawa suna ba da duka biyun lokaci guda. Haka kuma akwai wasu ramuka uku, kore da shuɗi da ja, su ma galibi na fita ne, kada jan cikinsu ya ruɗe ki ki cusa masa wayar murya.

Kin gama? To kunna. Ki sa talabijin a layin da rikoda take, sannan ki danna INPUT a rimot ɗin rikoda har ki iso ƙofar da kika jona, wata ta rubuta L1, wata AV2, wata AV3. Da kin ga hoton dikoda ya bayyana ta cikin rikoda, aiki ya yi, danna REC. Mu sai da muka kwashe rabin awa muna kallon shuɗin allo, ni da Yaya har mun fara musayar baƙar magana, ashe wannan ɗan maɓallin ne ba mu danna ba. In kuma kika ga kawunan mutane sun yi tsawo kamar tulu, ko sun baje, shiga saitin dikoda ki daidaita tsakanin 4:3 da 16:9.

Yanzu ga sharaɗin zama da tafinta: abin da ya faɗa shi ake rubutawa. Duk abin da dikoda ta nuna shi rikoda za ta naɗe, ba ta tambaya. In wani ya canza tasha, ta bi shi. In an buɗe jerin tashoshi a allo, ya shiga faifai. A dikodoji da yawa in aka kashe murya da rimot ɗinsu, shirin zai fito bebe, don haka a riƙa rage ƙara da rimot ɗin talabijin. Ranar farko da muka ɗaukar wa Kaka shirinta, ta dawo ta baje a tabarma da goronta, ana tsakiyar rigima tsakanin miji da mata sai ga wasu ƙarti suna bin ƙwallo a fili. Ashe ɗan maƙwabtanmu ne ya shigo ya duba ci nawa ne. Ranar mun sha faɗa, har da waɗanda ba sa gidan. Tun daga nan, in ana ɗauka, rimot ɗin dikoda a cikin kwanon Kaka yake kwana.

Kina iya sa mata lokaci ta fara da kanta ko ba kya nan, amma sai kin bar dikoda a kunne a kan tashar, kuma ki duba agogon rikodar, domin in wuta ta daɗe ba ta dawo ba wasu sukan manta ƙarfe nawa. Sitabilaiza kuma ba ado ba ne, musamman gidan da ake tayar da janareta. In ba a amfani da ita ki lulluɓe ta da ɗan kyalle saboda ƙurar hunturu, amma in tana aiki a yaye, tana son iska.

Saura abu ɗaya da in kika manta shi za ki ji kunya a gidan mutane: rufe faifai. Bayan kin gama rubutu a DVD-R ko DVD+R ko DVD-RW, ki shiga saiti ki nemi FINALIZE. In ba ki yi ba, faifan a rikodarku kaɗai zai yi, ki kai gidan Goggo a tara yara a kunna ya ce babu komai. Kuma a na'urar da ta rubuta shi ake rufewa, kada ki tara su goma ki ce sai wata rana, in ta mutu sun zama marayu. DVD+RW ne galibi ba ya buƙatar haka. Ki rubuta suna da maka mai laushi, ban da biro, ki riƙa kama shi ta gefe, ki raba shi da rana.

Na san wata za ta ce, "Anti, duk wannan wahalar ta mece ce, alhali dikodarmu tana ɗauka a filas?" Gaskiyarki. Risibobin satalayit da yawa suna da ramin USB da ke naɗar shiri, DStv Explora ma da rumbunta take zuwa. In kallo ɗaya za ki yi ki goge, wannan ya fi sauƙi, kada ki sayi komai. Sai dai abin da dikodar kuɗi ta naɗa galibi a cikinta kaɗai yake buɗewa, ba ya zuwa gidan kowa, kuma babu ɗayansu da zai karɓi tsohon kaset. Wata magana kuma da ba zan iya haɗiyewa ba: abin da kika ɗauka na kallon gida ne. Ni da na san zafin a kwana ana rubutu wani ya kwafe ya sayar, ba zan koya wa kowa cin gumin 'yan fim ba. Rikodar ma kanta takan ƙi kwafar kaset ko faifan kamfani da aka sa wa kariya.

To, mu koma kan kaset ɗin Umma.

Samun bidiyon da zai juya shi ma sai da muka sha yawo, domin Funai, kamfani na ƙarshe da aka sani yana ƙera irinsa, ya daina tun 2016. A wurin dattijon nan muka samu aro. Kafin ya ba mu sai da ya karɓi kaset ɗin ya ɗaga shi a haske yana leƙen tagarsa, ya ce in da ya ga farin fumfuna a jikin zaren da ba zai bari a kunna ba sai an tsabtace. Ya duba ɗan harshen roba da ke gindinsa, ya ɓalle shi, ya ce yanzu ko an danna ɗauka bisa kuskure ba zai goge ba. Ya kuma sa muka fara gwada bidiyon da wani kaset marar amfani, don in mai cin zare ne ya ci wancan. Jonawar iri ɗaya ce, bidiyo ya hau kujerar dikoda, OUT ɗinsa zuwa IN na rikoda. Babu gaggawa a ciki, kaset na awa biyu sai ya cinye awa biyunsa cur. Na zaɓi XP, na tura shi rumbu.

Bayan sallar isha'i muka taru. Baba ya ce shi ba zai kalla ba, ya ɗauki buta ya fita, amma ina ganin inuwarsa a bakin labule. Hoton ya fara da rawa da layi-layi, Yaya ya taɓa maɓallin daidaitawa ya nutsu. Ga mata cike da tsakar gida ana guɗa, ga Kaka da sauran ƙarfinta tana ba da umarni, ga Goggo siririya kamar ba ita ba. Can sai aka yaye mayafin amarya. Wata daga cikin ƙawayenta ta faɗi wata magana da ba mu ji ba, sai Umma ta kai hannu ta rufe baki ta yi dariya, ta ce, "Ke dai Allah ya shirye ki."

Auta ta miƙe tsaye ba ta sani ba. Ta matsa har gaban talabijin ta durƙusa, ta juyo ta kalle ni ta ce, "Yaya, haka muryarta take? Irin taki ce fa."

Ban iya ba ta amsa ba. Kaka ce ta share ido da gefen mayafi ta ce a mayar baya. Na ce ta yi haƙuri ana kan ɗauka, in an gama za ta gani ko sau ɗari ne.

Washegari na juye shi a faifai huɗu-huɗu, kowane kashi biyu saboda XP, na rufe su ɗaya bayan ɗaya. Saiti ɗaya na Baba, ɗaya na Goggo, ɗaya na aika wa dangin Umma, ɗaya na ajiye cikin akwatin da Auta za ta tafi da shi ɗakinta in lokaci ya yi. Da yake shi ma faifai ba ya dawwama, Yaya ya kai wani shagon kwamfuta aka zuba mana a filas da wayoyinmu. Kaset ɗin kuma na mayar wa Baba. Ya karɓa bai ce komai ba, ya buɗe akwati ya mayar da shi ƙarƙashin rigunan, sannan ya tambaye ni, murya ƙasa-ƙasa, wane maɓalli ake dannawa in mutum yana so ya kalla shi kaɗai.